Kwanon Gidan Sada

Unguwar Ashafa, ta Mawashi
Fabrairu, 1998

Yaya Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da A'isha da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. An yi Salla lafiya? Allah ya maimaita mana.

Na san za ka juya takardar nan kana cewa wace Halimatu kuma. To, Halimatu ce jikar Kaka Zinariya, ƙanwar kakanka, ni ce na zauna gidanku a Kankiya na yi firamare. Wadda kake ƙwace wa ƙosai da safe kana cewa hakkin taubashi ne. Ban yafe ba har yau. Na ji an ce yanzu ka zama babban duba-gari, kana yawo cikin kaki kana leƙa randunan mutane, shi ya sa na ce bari in kawo kukana gida.

Ka san unguwar da aka kawo ni aure ta mafarauta ce. Babu gidan da ba shi da kare biyu ko uku, mu namu huɗu ne. Yanzu da rani ya shigo aka fara fita farauta, sai ka ce su ne masu garin, mu ne baƙi. Haushinsu bai dame ni ba, na saba. Kashinsu ne ya ishe ni. Lungu, bakin rijiya, gindin rumbu, har hanyar masallaci, sai mutum ya yi alwala ya taka ya dawo ya sake wanke ƙafa. Rahma ta fara rarrafe. Shekaranjiya na juya in kwashe tuwo, ina waiwayowa na gan shi a hannunta tana shirin kaiwa baki. Ga shi ba ta daɗe da tashi daga gudawa ba, a asibiti sun ce tsutsar ciki ce.

Abin da nake roƙo, ka aiko mini da maganin nan da ake ba karnuka su mutu, ko ka turo mutanenku su yi aikin. Baban Rahma bai san na rubuto ba, kuma kada ya sani, don shi da karnukansa sai Allah. Akwai wani baƙin kare da yake kira Duna, in an je daji tabarma ɗaya suke kwana.

Ka ba Bishir direba amsa, yana biyowa ta nan duk ranar kasuwa.

Taubashiyarka,
Halimatu

Kankiya
Maris, 1998

Halimatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. A'isha na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Rahma, Allah ya ƙara sauƙi. Zancen ƙosai kuwa ki kai ƙara, ko alƙali ya san taubashi ba ya sata. Ki gaishe da maigidan da ba kya iya faɗin sunansa. Ni bari in faɗa miki shi: Sada, Sada, Sada.

Guba kam ba zan aiko ba. Ba kare kaɗai ke cin abin da aka yar a ƙasa ba, akwai akuya, akwai kaza, akwai Rahma ita kanta. Kuma ni kike so in shiga unguwar mafarauta in kashe musu karnuka? Ashe da gaske ba ki yafe ƙosan ba.

Ga abin da ya fi. Bara an tura mu kwas Kaduna, aka nuna mana yadda ake mai da wannan abin taki. A haƙa rami a bayan gari, nesa da rijiya, inda ruwa ba ya kwantawa, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum. A riƙa kwaso kashin ana zubawa. Duk zubi a bi shi da toka da ƙaiƙayi da busasshen ganye, a ɗan yayyafa ruwa, a rufe da tsohuwar tabarma. Lokaci lokaci a juya shi. Zai ɗauki zafi a ciki, in ya shekara sai ya koma baƙar ƙasa marar wari. Ba a kai shi gonar abinci ko lambu, na itatuwan inuwa ne kawai, irin su bedi. A ware masa shebur da bokiti nasa na kansa, mai aikin kuma ya wanke hannu da sabulu. Shi ke nan fa. Gari ya yi tsaf, yara sun huta, ga taki kyauta a lokacin da na zamani ya zama sai wane da wane.

Na san me za ki ce, wai ƙazanta. Halimatu, irin wannan ƙyamar rashin sani ne kawai. Ni da idona na ga ƙasar, na damƙe ta da hannuna na shinshina, ko a jikina. Ki karanta wa Sada wannan wurin, ki tsallake na gubar. Aikin gayya ne, in kowa ya sa hannu ba wanda zai ji nauyinsa.

Yayanki,
Ɗahiru

Unguwar Ashafa
Mayu, 1998

Yaya Ɗahiru,

Bayan gaisuwa, ina fatan an yi babbar Salla lafiya. Rahma ta warke, har ta fara tsayuwa tana dafa bango. Ni ce dai ba lafiya ba, ko da yake ba inda ke mini ciwo.

Na karanta wa baban Rahma takardarka kamar yadda ka ce. Ban taɓa ganin ya ɗauki magana da zafi haka ba. Washegari ya je wurin mai unguwa, aka yi shela, ranar Asabar maza suka fito da diga da shebur, kafin Azahar an gama rami. Har fura na dama musu. Sai da aka zo kan wa zai riƙa kwasowa, kowa ya hau duban ƙasa. Wannan ya ce bayansa, wancan ya ce yana da sammako. Shi kuwa ka san shi, ba ya iya ganin abu a ƙasa. Ya ce karnukansa sun fi na kowa yawa, bari ya fara, in ya so a riƙa karɓarsa. Har yau ba wanda ya karɓe shi.

Kullum bayan Asuba yana ɗaukar shebur da bokiti ya zaga lungu lungu. Mata sun gane, yanzu kowace tana share na gidanta ta zuba a fasasshen kasko ta aje masa a bakin ƙofa. Gaskiya gari ya yi fes, ko kai ka zo ba ka da abin rubutawa. Amma sun sa masa suna. Sarkin Kashi. Da fari a bayan idonsa, yanzu har a gabansa, shi kuma sai ya yi dariya ya ɗaga musu shebur.

Sunan bai kashe ni ba. Ga abin da ya kashe ni. Ka san al'adar nan, ko ka manta tunda ka zama ɗan birni: bayan Magariba kowane magidanci yana fitar da kwanon gidansa ƙofar mai unguwa, a jera, a ci na wannan a koma na wancan. Tun da aka kawo ni garin nan kwanona ake fara buɗewa. Ba yabon kai ba, ka san hannun jikokin Kaka Zinariya a miyar kuka. To yanzu kwanona yana dawowa da nauyinsa. Gefe ɗaya kawai ake ci, inda hannunsa yake. Nasu kuma sai su gutsura masa a murfi su tura masa can, kamar mai ciwon da ake gudu.

Na matsa masa da tambaya, da ƙyar ya gaya mini abin da Lawal maƙwabcinmu ya ce. Wai: "Wallahi Sada ba don komi ba, zucciya ce ta ƙiya. Hannun ga da ka kwashe abin ga da sahe, shi za ka sa cikin tuwon ga mu bi ka?" Alhali mutumin nan har fatar hannunsa ta fara saɓulewa don wanki da sabulu. Limaminmu, Malam Abdulganiyyu, ya faɗa a gaban kowa cewa najasa in an wanke ta ta tafi, babu laifi a abincin gidanmu. Amma da aka tura masa kwanon sai ya ce haƙorinsa ke ciwo. Haƙori fa, a tuwo. Ko naman layya, ɗanyen da muka raba an karɓa da godiya, soyayyen da na aika gidaje kuwa yara na gani da shi a waje.

Yaya, ko rijiya ba na son zuwa. In na doso sai hira ta mutu, in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Don Allah ka zo. Ka zo da kakinka, ka tsaya gaban mai unguwa ka ce aikin hukuma ne, kai ka kawo shi. Sa'an nan ka zauna ka ci daga kwanona suna kallo. In suka ga duba-gari da kansa ya ci, magana ta ƙare.

Taubashiyarka,
Halimatu

Unguwar Ashafa
Yuni, 1998

Yaya Ɗahiru,

Gaisuwa da fatan alheri. Bishir ya zo sau da yawa hannu wofi, ya ce in ya je ofishinku sai a ce ka fita. Na san damina ta kama, aiki ya yi muku yawa.

Albishirinka. Ba sai ka wahalar da kanka ba, Allah ya kawo sauƙi. Kwana biyun nan kwanona yana dawowa tas, ko loma ba a bari. Ranar farko da baban Rahma ya miƙo mini shi na ji ba nauyi, sai da na zauna a bakin murhu na yi hawaye. Na ce wa da wa suka ci? Ya ce ke dai ki gode Allah. Ka san shi da rowar magana. Jiya har man shanu na ƙara, na ce bari in tuna musu abin da suka yi asara.

Ruwa ya sauka, mun gama shuka. Ramin ma yana nan, ya yi masa rumfa da kara don kada ruwa ya cika shi. Ka gaishe da A'isha.

Taubashiyarka,
Halimatu

Kankiya
Yuli, 1998

Halimatu,

Wa alaikumus salam, mun gode Allah da wannan labari. Takardunki biyu duk sun iso. Ta farkon ta same ni cikin aikin magudanun ruwa, ina ta cewa gobe zan amsa, sai ga ta biyu ta sauke mini nauyi.

Ban gaya miki ba? Mutanenmu haka suke, sai sun gama gardama su dawo hanya. Da ma na san miyarki za ta fi wa'azina aiki. Ki ce wa Sarkin Kashi ina gaisuwa, in an tashi naɗi a aiko mini, ni zan kawo rawani.

Na ba shugabanmu labarin ramin, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce in rubuta a aika Katsina. Ki ga abin da kika so a gama da guba ya zama abin nunawa. Tunda komai ya daidaita, zuwana sai bayan kaka in Allah ya kai mu. Ki tanadar mini zakara.

Yayanki,
Ɗahiru

Unguwar Ashafa
Agusta, 1998

Yaya Ɗahiru,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya.

Abin da na rubuto maka a watan Yuni ba haka ba ne. Ba ƙarya na yi ba, ni ma ƙaryar aka yi mini.

Ranar Talata bayan Magariba akuyarmu ta tsinke, na zaga bayan rumbu nemanta. Sai na tarar da baban Rahma a tsugune, kwanona a gabansa, karnuka huɗu sun kewaye shi. Yana gutsuro tuwon yana tsoma shi a miya yana jefa musu. Ya yi wa Duna, ya yi wa sauran, har da suɗe gefen kwanon da ɗan yatsa don ya fito kamar mutane ne suka ci. Ashe tun ranar da ya ga na yi kuka a kan kwanon da ya dawo da nauyinsa yake haka. In an tashi daga ƙofar mai unguwa sai ya biyo ta baya ya juye musu, ya shigo mini da kwano tas. Man shanun da na ƙara, da daddawar da na zauna na daka da hannuna, duk cikin karnuka suka tafi.

Ya ɗago ya gan ni. Na rasa wa zan ji wa kunya, shi ko ni. Daga baya a ɗaki ya ce: "Ni na iya da su, Halima. Ke ce ban iya ganin kina buɗe kwanon ga kina rufewa." Na ce to ya bar aikin mana, a cike ramin kowa ya huta. Ya ce yaran unguwa sun bar zawo, ya gani da idonsa, ba ya cikewa.

Ni na jawo masa wannan, Yaya. Yana zaman zamansa, mutum mai daraja a cikin 'yan uwansa, na ɗauko takarda na karanta masa. Kuma wasan rawanin da ka yi ban karanta masa ba, ban iya ba.

Kada ka jira kaka. Ka zo yanzu, don zumuncin da ke tsakanin kakanninmu. Loma uku kawai nake roƙo, a gaban mutane. Zakaran yana nan.

Halimatu

Unguwar Ashafa
Satumba, 1998

Malam Ɗahiru,

Ina fatan ka koma gida lafiya. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajewa.

Ranar da ka zo ban taɓa jin daɗi irin na safiyar ba. Ina bayan zana ina leƙe ta wata 'yar kafa, na ga komai. Na ga ka sauko cikin kaki da hula, mai unguwa ya miƙe ya tarbe ka. Na ji jawabin da ka yi a gindin bedi, ka ce a duk ƙasar nan ba ka ga unguwa mai tsafta irin tamu ba, ka kama hannun baban Rahma ka ɗaga sama. Kuka je ramin, kuka dawo mutane na ta gyaɗa kai. Na ce a raina yau Allah ya share mini hawaye.

Bayan Azahar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu. Ya wanke hannu da sabulu a gaban kowa, ya shigo ya ɗauki kwanon da kansa ya aje a gabanka ya buɗe. Ban san ko ka lura ba. Lawal har ya matso ya naɗe hannun riga, idonsa a kanka. Liman ma ya gyara zama. Kai kawai ake jira. Ka dubi tuwon, ka dubi hannun mai gidan, sai na ji ka ce ai yau Alhamis, azumi kake yi.

Kowa ya ce Allah ya karɓa. Lawal ya sauke hannun rigarsa. Ni kuwa, don wauta irin tawa, na yarda. Har haushin kaina na ji da ban tambayi ranar da za ka zo ba. Na ƙulle maka cinyoyin zakaran a leda na ce ka yi buɗa-baki a hanya.

Ranar kasuwa Bishir ya tsaya ƙofar mai unguwa shan ruwa, maza na zaune. Ba da wata manufa ba, ka san bakinsa, ya ce: "Kai, baƙon nan naku na rannan akwai ci! Muna isa tashar Kusada, ko La'asar ba a yi ba, ya tashi da gurasa biyu da tsire." Ya ƙara da cewa wata leda ma ka manta ƙarƙashin kujera, sai da ta fara wari ya gano ta.

Aka ce ba wanda ya yi dariya. Da sun yi ma da ya fi. Lawal ne kawai ya ce: "To, mai abin ma ya ƙiya, bale mu."

Da ba ka zo ba, da har yanzu ana cewa ƙauyanci ne ke hana su. Yanzu suna da hujja, duba-gari ne ya ba su. Tun ranar baban Rahma bai sake fita da kwano ba. A tsakar gida yake cin tuwonsa, ni da Rahma muna gefe, kamar tsohon da ƙafa ta gaza. Da safe kuma ya ɗauki shebur ya fita.

Ba na neman amsa. Na rubuto ne don kada ka zaci ba mu ji ba.

Halimatu

Kankiya
Mayu, 1999

Halimatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Sada da Rahma. An sha ruwa lafiya, an yi Salloli biyu lafiya, duk ban aiko ba. Ba mantawa na yi ba. In na hango motar Bishir a tasha sai in canza hanya.

Ba ni da abin kare kaina. Zan dai gaya miki yadda aka yi. Da muka je ramin Sada ya ɗaga tabarmar don in gani, abin bai gama ruɓewa ba, warin ya shige mini hanci ya zauna. Wanda na damƙa a Kaduna ya riga ya zama ƙasa, wasu ne suka yi wahalarsa, ni ban taɓa tsayawa kan ɗanye ba sai ranar. Da aka buɗe kwanon, wallahi ƙamshin miyarki na ji. Amma sai na ga sheburin a jingine can jikin katanga. Na ji in na kai loma baki zan dawo da ita a gaban mutane. Kafin in yi tunani kalmar azumi ta fita. Na yi wa Allah ƙarya a ƙofar gidanki don in tsira daga tuwo. Ni da na rubuta miki cewa ƙyama rashin sani ce.

Da na dawo na gaya wa A'isha, ta dube ni ta ce da amai ka yi da ya fi mutunci. Na yi azumin gaske washegari, na ƙara da wasu, ban ji ya rage komai ba.

Yanzu ga abin da ya sa dole na rubuto, kuma kunyarsa ta fi ta farko. Bayanin da na aika Katsina ya karɓu. Wasu manya za su zo farkon damina su ga ramin da takin, ni aka ce in kai su, don a takarda sunana ne a kan aikin. Na so in ce ba ni da lafiya, na ga ƙaryar ta isa haka.

Ki roƙar mini Sada ya yarda mu zo. Kuma ki dafa. Ki dafa irin na rannan, a aje a ƙofar gida, a kira Lawal da Liman da mai unguwa. Zan ci har in suɗe kwano a gabansu da gaban baƙin. Ki bar ni in gyara abin da na ɓata.

Yayanki, in har yanzu kin yarda,
Ɗahiru

Unguwar Ashafa
Yuni, 1999

Malam Ɗahiru,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Rahma tana gudu ko'ina, ba takalmi, ban damu da abin da za ta taka ba. A gaishe da A'isha, ta faɗi gaskiya.

Takin ya nuna. Baƙi ƙirin, ba wari, kamar yadda ka ce, a nan kam ba ka yi ƙarya ba. Ranar da aka buɗe ramin unguwa duk ta fito da buhuna da kwanduna. An dasa bedi daga masallaci har bakin hanya. Lawal ya fi kowa ɗiba, da hannu ma yake cusawa a buhu. An haƙa rami na biyu. Mai kwasowa dai har yanzu mutum ɗaya ne, kuma har yanzu a tsakar gida yake cin abincinsa. Mai unguwa ya aiko sau ɗaya ya ce ya dawo zama cikin mutane, kowa ya ci nasa. Ya ce a gode masa.

Na karanta masa takardarka duka, wannan karon ban tsallake komai ba. Ya saurara har ƙarshe. Ya ce ku zo, zai nuna wa baƙin ramin, ya kuma gaya musu kai ka koya masa, don gaskiya ce. Ko kaɗan ba ya fushi da kai. Na so ya yi, da na samu abokin yi.

Zancen girki ne ya ce a'a. Ga yadda ya faɗa: "Ba a cusa ma baƙo tuwo a ƙohwar gidana yana runtse ido. In ya ci don manya na kallo, mutanen ga ba yara ba ne, sun san ci na so, sun san na dole." Na duba na ga haka ne. Ranar da lomarka uku za su yi aiki ta wuce, Yaya. Ranar da Lawal ya naɗe hannun riga. Yanzu ko tukunyar ka cinye cewa za su yi aikinka kake karewa.

Ni ma in gaya maka tawa, ba zan iya sake tsayawa bayan zana ina kallon hannun wani ba. Na gaji da roƙon a ci abincina.

Saboda haka ku taho, za a share ƙofar gida a shimfiɗa tabarmi. Ya ba Bishir saƙo daga Kusada, lemon kwalba da biskit na cikin leda, waɗanda ba wanda ya taɓa cikinsu a gidan nan. Mabuɗin kwalbar ma sabo ne, kai za ka buɗe da hannunka. Ko ranar ta faɗo Alhamis, ba sai ka ɗauki azumi ba.

Halimatu